Darasi na 6: Gudajin da ke jikin saiwar wake

Manoma sun daɗe da sanin cewa gonar da aka yi wake ko gyaɗa bara, in aka sa mata gero ko dawa bana, ta fi yin kyau. Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa.

Idan wake ya fara fure, ku ɗauki fartanya ku haƙo tushe ɗaya a hankali. Kada ku tuge shi da hannu, don abin da muke nema zai tsinke ya zauna a ƙasa. Ku wanke saiwar a kwano. Za ku ga 'yan gudaji manne da ita, kamar ƙwayar dawa. Wasu kan ɗauka cuta ce, alhali arzikin gona ne. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zuƙo sinadarin naitirojin daga iska su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su da abincin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma gero da masara ba sa iya ɗibarsa da kansu. Shi muke saya da tsada a buhun yuriya, wanda kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne.

Yanzu ku fasa gudaji ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne ko kore, babu abin da yake tarawa. Gonar da gudajinta suka yi ƙaranci, sau da yawa takin sufa, wato takin zamani mai sinadarin fosfarus, take nema a lokacin shuka.

Ga inda da yawanmu ke yin asara: mu cire wake, mu kwashe harawa kaf, mu sayar. Mafi yawan naitirojin ɗin yana cikin ƙwaya da ganye, ya bi su ya bar gonar ke nan. In dabbobinka ne suka ci harawar, to ka mayar da takinsu gonar kafin ruwan shuka.

Gawo ma dangin wake ne. Yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tsare wa gero rana. Kada a sare shi.

Aiki: kowa ya zo da tushen wake ko gyaɗa a darasi mai zuwa. Ƙirga gudajinsa, ka rubuta adadin a littafinka, sannan ka rubuta launin cikin guda 3.