Yadda na gyara lilon yara da ruwa yake kwanciya a ƙarƙashinsa

Ni ne nake kula da wani ƙaramin lambun shaƙatawa a Tudun Wadan Zariya, kuma a daminar bana babu abin da ya ba ni wahala kamar lilon yara. Ƙafafun yara sun daɗe suna ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashinsa har ta zama rami, saboda haka da ruwan Agusta ya kankama sai ya riƙa kwanciya a wurin, gindin ƙarfen ya yi tsatsa, lilon ya fara girgiɗi.

Da farko na cike ramin da jar ƙasa, wanda kuskure ne, domin ta riƙe ruwa ta koma taɓo.

Daga baya na kewaye wurin da igiya, muka tone gindin turakun, mai walda ya yanke inda tsatsa ta cinye ya jona sabon ƙarfe, sannan muka shafa fenti mai hana tsatsa. Mun zuba kankare a ma'aunin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, muka ɗan tudunta samansa domin ruwa ya riƙa zurarewa, aka yi kwana 7 ana yayyafa masa ruwa kafin a bar kowa ya hau. Hana yara hawa a kwanakin nan ya fi aikin kansa wuya.

Ramin kuwa, mun shimfiɗa masa tsakuwa, muka fitar da ƙaramar hanyar ruwa zuwa magudana, muka rufe da yashi mai zurfin santimita 30, wanda yake rage zafin faɗuwa. Yanzu kowace Asabar ina baje yashin da manjagara, in duba sarƙa, in sa giris a maratayarta.