Na biya bashin amma makin kiredit ɗina bai motsa ba, ina matsalar take?

Wannan maganar ta jima tana cina wallahi, don kusan duk Juma'a in an sallame a masallacinmu nan Bronx a New York sai wani ya tare ni yace "malam, kuɗin nan da masu karɓar bashi suke bina na biya tun wata uku, amma makina yana nan kamar an dasa shi." Makin kiredit dai shine lambar da masu bada bashi a Amurka suke dubawa su san ko kana biyan bashi. Nima na taɓa faɗawa. Na canza gida ban rufe layin intanet ɗina yadda ya kamata ba, ashe bil yana ta zuwa tsohon adireshi, sai kawai na ga an turawa kamfanin kalekshan, wato masu karɓar bashi, bashin dala ɗari huɗu da ɗoriya. Ina gani hankalina ya tashi, na ɗau waya na biya nan take ina jin kaina jarumi. Bayan wata biyu na buɗe rifot ɗin kiredit ɗina, wato tarihin basussukana, layin bashin yana nan daram, an dai rubuta an biya, saura sifili. Shikenan abinda ya canza.

To kuskuren farko kenan, mutum ya ɗauka biya shi ne gogewa. A dokar Amurka ta rifot ɗin kiredit, wadda aka kafa tun 1970, bashin da ya tafi kalekshan zai iya zama a rifot ɗinka shekara 7, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ka fara kasa biyan asalin bashin, ba daga ranar da ka biya ba. Biyan ba ya rage shekarun, ba ya kuma ƙara su, duk da wasu suna tsoron wai in sun biya agogon zai koma farko, a'a, wannan bai shafi rifot ba.

Sai babban, wanda ya fi ɓatawa mutane rai: ba maki ɗaya gareka ba. Wanda kake gani a manhajar Credit Karma ma'aunin VantageScore 3.0 ne, shi kuma baya lissafa kalekshan ɗin da aka biya, to kana biya sai ka ga ya ɗan yi sama kana murna har kana turawa 'yan gida hoton. FICO 9, wani ma'aunin makin daban da ya fito a 2014, shima haka, ya yafe wanda aka biya. Amma FICO 8, wanda har yanzu masu katin kiredit da yawa suke amfani da shi, ko ka biya ko baka biya ba yana ƙirga maka shi, sai dai in asalin bashin bai kai dala 100 ba. In kuwa gida zaka saya to nan ake yinta, don yawancin masu bada kuɗin gida tsofaffin nan suke jawowa, FICO 2 daga Experian, FICO 4 daga TransUnion, FICO 5 daga Equifax (kamfanoni ukun da ke ajiye rifot ɗin kiredit kenan), su ɗauki na tsakiya, kuma su waɗannan basu san yafiya ba. Shi yasa mutum zai shiga ofis da 720 a wayarsa a ce masa ai ba haka muka gani ba, ya fito yana cewa an cuce shi. Ba a cuce ka ba ɗan'uwa, ma'auni ne daban. Kafin ka saka rai, tambayi mai baka kuɗin wane maki yake dubawa. Kuma kar wani yace ni bana cin bashin riba meye ruwana, mai gidan haya yana duba rifot, masu bada gida ta tsarin Musulunci ma suna dubawa.

Abinda ya kamata na yi tun farko, wanda ban sani ba a lokacin, shine ciniki kafin biya. Muddin kuɗin yana aljihunka kana da bakin magana, kana biya sun gama da kai. Sai ka rubutawa kamfanin kalekshan ɗin kace zan biya amma da sharaɗin ku cire layin gaba ɗaya daga wajen kamfanonin nan uku, kuma ina son amsarku a rubuce. A rubuce fa, na nanata, don alƙawarin waya iska ce, wanda yace maka "ba damuwa" gobe baka samunsa. Ba dole su yarda ba, wasu zasu ƙi ƙememe, babu dokar da ta tilasta musu, amma wasu suna yarda, kuma tambaya bata cin ko sisi. In ka riga ka biya irina sai wasiƙar roƙon arziki, ka faɗi abinda ya faru a taƙaice ka haɗa da rasit. Ka lura kuma in sun yafe maka wani ɓangare da ya kai dala 600 zasu iya turo takardar 1099-C, hukumar haraji na iya ɗaukarsa a matsayin kuɗin shiga.

Wani abin da mu yake damunmu musamman shine sunaye. Mu nawa ne Muhammad, mu nawa ne Abdullahi ko Ibrahim, wani lokacin ma gida ɗaya adireshi ɗaya? Rifot yana iya cakuɗewa a liƙa maka bashin wani, kai kuma don kunya ko tsoron takarda ka biya. Kar ka yi. Daga wasiƙar kamfanin kalekshan ta farko kana da kwana 30 ka nemi su kawo hujja a rubuce. Ka shiga AnnualCreditReport.com, kyauta ne duk sati, ka duba ukun duka don basa zama iri ɗaya. In akwai kuskure ka shigar da ƙorafi wajen kamfanonin rifot ɗin, doka ta basu kusan kwana 30 su bincika, abinda basu iya tabbatarwa ba sai sun cire.

Tsohon bashi kuma a yi hattara, a wasu jihohin ko dala 20 ka bayar "don a nuna niyya" zai iya farfaɗo da damarsu ta kai ka kotu, ka fara sanin dokar jiharka.

Na asibiti daban yake yanzu. Tun Yulin 2022 kamfanonin uku suka daina nuna kalekshan ɗin asibiti da aka biya, a Afrilun 2023 kuma suka cire wanda bai kai dala 500 ba. In naka na asibiti ne ka biya kuma yana nan, ba roƙo zaka yi ba, ƙorafi zaka shigar.

Ko an goge ma kar ka zauna jiran ƙarin maki 100. In kalekshan ɗaya ne tak kuma sabo, cire shi yana iya yin tasiri sosai, amma in guda huɗu ne aka cire ɗaya, ko asalin bankin ya riga ya rubuta cewa ya haƙura da bashinka, wancan layin yana nan da kansa, to motsin kaɗan ne. Masu tallan gyaran kiredit a WhatsApp da suke cewa turo dala 300 mu wanke maka, dokar 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin, kuma babu wasiƙar da zasu rubuta wadda kai baka iya rubutawa.

Ni dai nawa, wasiƙa biyu na tura, ta farko ko amsa ban samu ba, ta biyu na tura ta gidan waya da rajista yadda sai sun sa hannu. Bayan kamar sati shida layin ya ɓace a rifot biyu, na ukun sai da na sake bin su da kwafin amsar da suka bani.