Shayin ƙanƙara irin na kudancin ƙasar Amurka, yadda nake haɗa shi a gida

A jihohin kudancin ƙasar Amurka, irin su Jojiya da Alabama da Karolina ta Kudu, idan kika shiga gidan abincin tafi-da-gidanka kika nemi shayi, ba mai zafi za a miƙo miki ba. Za a cika kofi da ƙanƙara, a tsiyayo baƙin shayi mai zaƙi daga wani dogon tulun ƙarfe mai famfo, babu madara ko ɗigo. Da shi ake kora soyayyar kaza da dankali. Chick-fil-A, wani kamfanin gidajen abincin kaza, har galan-galan yake sayar da shi, McDonald's kuma ta kai shi rassanta na sauran jihohi. Abin ya daɗe, don akwai girkinsa a wani littafin girki na jihar Bajiniya na 1879, sai dai da koren shayi ake yi a lokacin.

Na lita biyu nake yi. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki sauke tukunyar daga wuta, sannan ki jefa Lipton guda shida ki rufe. A can da yawa ganyen shayin Luzianne suke so, amma Lipton ɗin da muka sani ya wadatar. Minti biyar kawai. Kada ki dafa ganyen a kan wuta yadda mai shayi ke yi, kuma idan kin zo cirewa kada ki matse shi da cokali. Abubuwan nan biyu su ke kawo bauri, kuma sanyi yana ƙara fito da shi fili. Idan kina son ya yi ƙarfi, ganye za ki ƙara, lokacin ya tsaya a yadda yake. Ƙarfin kuwa dole ne, tunda ƙanƙara za ta narke ta tsinka shi.

Sukari a zuba shi tun ruwan yana tururi. A nan shayin yake gyaruwa ko ya lalace. Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya kwanta a gindin kofi, ki sha sama salam, ƙasa kuma kamar alewa. Ki juya har sai kin daina jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin cokali. Rabin kofi nake sawa, wato kusan giram 100, in aka raba lita biyun kofi takwas, kowane kofin sha ya tashi da kusan cokalin shayi uku. Wasu gidajen a can suna ninka wannan, kuma babban kofin gidajen abinci ya kusa lita guda. Gaskiya ban yarda da shi ba, musamman ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke ƙarawa a yini ya wuce kimanin giram 50. Shi ya sa nake son ɗabi'ar masu cewa a zuba musu rabi mai sukari, rabi marar sukari.

Tsofaffin matan kudu suna barbaɗa bekin soda ɗan abin da yatsu biyu za su tsunkuno, yana kashe baurin. Fiye da haka sai ya yi ɗanɗanon sabulu.

Sai ki juye a jug, ki cika da ruwa lita ɗaya da rabi wanda ba na firij ba. Ki bari ya huce tukuna kafin ki sa a firij, don idan ya shiga da zafinsa yakan yi hazo-hazo, wannan jan launin mai haske ya tafi. Wajen sha a cika kofi da ƙanƙara, a ɗora yankan lemun tsami ko ganyen na'a-na'a. Idan kika haɗa shi rabi da rabi da ruwan lemun tsami mai sukari, shi ne abin da suke kira Arnold Palmer, sunan wani ɗan wasan golf.

Ki rufe jug ɗin da kyau, shayi yana ɗaukar warin albasa da kifin firij. Ya fi daɗi a ranar da aka yi shi, kuma in ya fara tsami ko yauƙi, a zubar a wanke jug ɗin da ruwan zafi.