Yadda za ka ɗauki hoton tufafi ba a dawo maka da shi ba

Ina shekara ta biyu a karatun ɗaukar hoto wata mai ɗinki ta ba ni aikin kuɗi na farko. Kaya kala takwas ta ɗinka, tana so ta baje kolinsu a intanet. Na ɗauki hoto sama da 900 a yini guda, na zaɓi talatin, na kwana biyu ina gyara, na tura mata na zauna jiran yabo. Sai ga kira.

"Ɗana, hotuna sun yi kyau. Amma ina rigata?"

Na ce, "Hajiya, ai ga ta nan a jikin yarinyar."

Ta ce, "Wannan ba tawa ba ce. Tawa ja ce mai duhu, wannan kuwa ruwan goro ce. Aikin da na kwana huɗu ina yi a hannun rigar kuma, ko zare ɗaya ban gani ba."

Gwiwata ta yi sanyi, domin gaskiya ta faɗa. A aji an saba yaba mana idan ido ya fito tar, bayan hoto ya narke kamar hazo. Haka na yi, na bar rigar ta narke tare da bangon. Washegari na kai wa malaminmu hotunan, ya duba uku kawai ya ce, "Kai fuska ka ɗauka, ita kuwa riga take sayarwa." Sai da muka sake aikin daga farko. Abin da zan faɗa maka a nan, daga wancan zama na biyu na samo shi, da ayyukan da suka biyo baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ka ga kayan da idonka tun kafin ranar aiki, ka taɓa yadin, ka juya shi a haske. Ka tambayi mai kayan: a kowace riga, mene ne abin da ba ki so mai saye ya wuce bai gani ba? Amsarta ita ce jerin aikinka. Ni yanzu kowace riga ina ware mata hoto biyar aƙalla: gaba, baya, gefe, kusa da wurin da aka yi aiki, da ɗaya tana motsi. Riga takwas hoto arba'in ke nan. Ina rubuta su a takarda in riƙa soke wanda na gama, domin idan aiki ya yi zafi mantuwa ba ta sallama. Ka tambaya kuma ina za a saka hotunan. Kyamarori da yawa suna ɗaukar hoto a ma'aunin 2:3, amma hoton tsaye da aka saba sakawa a Instagram 4:5 ne, wato 1080 a faɗi, 1350 a tsawo. Idan ka cika hoton da mutum daga kai zuwa ƙafa, wajen yanka sai dai ka sadaukar da kai ko takalmi. Ka bar sarari sama da ƙasa.

Maganar yarjejeniya ba zan ja ta ba, amma a rubuta ta ko da a saƙon waya ne: hoto nawa za ka gyara, ranar da za ka miƙa, sau nawa za a iya dawo maka da gyara, kafin alƙalami, da ko kana da izinin nuna hotunan a matsayin aikinka, kuma daga wace rana. Masu ɗinki ba sa son a riga su fitar da sabon samfuri. Ita ma wadda za ta saka kayan, a samu yardarta a rubuce kan inda hotonta zai bayyana.

Sai launi, inda na fi shan kashi. Ɗakin da muka yi aikin farko yana da babbar taga, ga kuma ƙwayayen lantarki masu hasken ruwan ɗorawa a sama. Idona bai ga wata matsala ba, domin ƙwaƙwalwa tana daidaita launi ba tare da ka sani ba. Kyamara ba ta da wannan baiwar. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, tsohon ƙwan lantarki kuwa tsakanin 2700 zuwa 3200 yake. Idan suka haɗu a kan riga ɗaya, ɓangaren taga ya karkata shuɗi, ɗaya ɓangaren ya karkata ja, kuma duk wanda ka gyara a kwamfuta sai ɗayan ya ƙara lalacewa. Ƙari a kan haka na bar kyamara tana zaɓar ma'aunin fari da kanta, ita kuwa duk rigar da aka sauya sai ta sauya ra'ayi.

Maganin ba shi da wuya. Haske iri ɗaya za ka yi aiki da shi. In taga ce, kashe fitilun ɗakin gaba ɗaya. Ka nemi katin toka-toka, wanda ake kira na kashi 18, ka ba mai saka kayan ta riƙe shi a gaban ƙirjinta, ka ɗauki hoto ɗaya kafin a fara. Duk lokacin da haske ya sauya, ko girgije ya rufe rana, ko kun koma wani gefe, ka sake ɗauka. A wajen gyara, a manhajar gyaran hoto irin su Lightroom, sai ka taɓa katin da alƙalamin daidaita fari, ka kwafa wa sauran hotunan da aka ɗauka a wannan hasken. Wannan yana tafiya daidai ne idan da RAW ka ɗauka, wato tsarin fayil da yake adana ɗanyen bayanan hoton, domin tsarin JPEG da aka saba ya riga ya yanke hukunci a cikin kyamara ya zubar da sauran bayanan. Ja mai ƙarfi kuma yana da nasa hali, shi ne yake fara ƙonewa tun sauran launuka suna lafiya, sai ka ga riga ta zama faifan ja babu saƙa babu ninki. Idan kyamararka tana nuna jadawalin haske na kowane launi daban, ka sa ido a kan na ja, ka rage haske kaɗan.

Wani abu da yake rikita ɗalibi shi ne farar riga a jikin mai duhun fata. Ma'aunin hasken kyamara kullum ƙoƙarinsa ya mayar da abin da ya gani toka-toka. Ya ga fari da yawa ya rage haske, fuska ta nutse. Ya ga baƙar riga ya ƙara, rigar ta koɗe. Saboda haka da hannu nake saita komai. Ina kunna alamar nan da take ƙyaftawa a wurin da fari ya ƙone, in tsayar da haske daidai inda saƙar yadin take fitowa, sannan in sa wani ya riƙe farin allo ko faifan mayar da haske kusa da fuska. Da haske ake gyara wannan tun a wurin, ba a kwamfuta ba. Kuma kada ka hasko fatar mutum wai don ta yi kyau, ka bar mata launin da Allah ya ba ta.

Yanzu ga abin da ya cinye aikin hannun rigar Hajiya. Gilashin kyamarata, wato lens, 50mm ne mai buɗewa har f/1.8 (lambar f tana nuna girman ƙofar da haske yake shiga, ƙaramar lamba babbar ƙofa), a kan ƙaramar kyamara irin wadda take ninka tsawon gilashi sau 1.5. Ina alfahari da wannan 1.8 ɗin, ban taɓa sauka daga kansa ba. To a nisan mita 2, abin da yake fitowa tar a f/1.8 bai wuce kimanin santimita 11 ba. Ido yana ciki, hannun da ta ɗan miƙo gaba yana waje. A f/5.6 faɗin yana kaiwa wajen santimita 36, ya ɗauki fuska da kafaɗa da hannu. Don haka hoton kaya tsakanin f/4 da f/8 nake ɗaukarsa. Farashinsa shi ne haske, domin daga 1.8 zuwa 5.6 kana buƙatar kusan ninki goma. Ko dai ka matsa kusa da taga, ko ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600, ko ka kawo filasha. 'Yar tsakuwar da ɗaga ISO yake kawowa a hoto mai kaya ba za ta lura da ita ba, amma ɗinkin da ya dushe za ta gani daga nesa. In kana son bango ya yi laushi duk da haka, ka janye mai saka kayan daga jikinsa mita 2 ko 3.

Ka auna ɗakin ma tun da wuri. Da wannan gilashi na 50mm, sai ka ja baya mita 4 ko fiye kafin mutum ya shiga hoto daga kai har ƙafa. Ranar farko bango ya tokare ni, na koma gilashi mai faɗi na matso kusa, ina tsaye cak. Sakamakon: kai ƙato, ƙafafu gajeru, doguwar riga ta koma kamar an rage mata tsawo. A hoton tsaye, ka durƙusa kyamara ta sauko daidai ƙugunta.

Alkiblar haske ita ce take fitar da yadi. Haske daga gaba kai tsaye yana shafe komai ya daidaita. Daga gefe kuwa yana jefa 'yar inuwa a bayan kowane zare, sai leshi da surfani da ninki su taso. Baƙin yadi musamman ba ya magana sai da hasken gefe. Siliki da duk abin da yake sheƙi sun fi son haske mai faɗi mai laushi, kamar taga da aka rufe da farin ƙyalle. Yadi mai ƙananan layuka ko ɗigo-ɗigo kuma wani lokaci yana haifar da wasu raƙuman launi masu kama da bakan gizo a hoto, abin da babu shi a rigar. Ba za ka gan su a ƙaramin allon kyamara ba sai ka zuƙo hoton sosai. In ka gani, matsa gaba ko baya taku ɗaya, ko ka ɗan sauya kusurwa, yawanci suna ɓacewa.

A lokacin na ƙwallafa rai a kan hotunan Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, wanda yake ɗora mai riga mai zane a gaban ƙyalle mai zane, su yi ta gasa. Na so in kwaikwaya. Malam ya tuna mini cewa Keïta mutanen yake ɗauka don su kai hoton gida, ba rigar yake tallatawa ba, kuma yawancin hotunansa baƙi da fari ne. Riga mai hayaniya bango mai shiru take so.

Motsi kuwa kada ka bar shi. Tun 1933, lokacin da Martin Munkacsi ya sa mai tallan kaya ta yi gudu a bakin teku don mujallar Harper's Bazaar, aka gane cewa yadi yana nuna nauyinsa da zubinsa ne idan jiki yana tafiya. Ka ce ta tako zuwa gare ka, ta juya, ta saki bakin siket. A saurin ɗaukar hoto, ga mai tsaye 1/200 na daƙiƙa ya isa, ga mai juyi sai 1/500 ko sama. In da filasha kake aiki, yawancin kyamarori ba sa wuce 1/200 ko 1/250, in ka zarce sai baƙin layi ya yanke maka hoto.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a koya mana a aji ba, kuma su ne suke cin dare a wajen gyara. Dutsen guga ya zo wurin aiki, domin yamutsa ɗaya da za a goge cikin minti biyu tana iya cin rabin awa a kwamfuta, sau adadin hotunan. A zo da fil da 'yan maƙalai don kame rigar ta baya idan ta yi wa mai sakawa yawa, da almakashi don zaren da ya leƙo, da hoda don maiƙon goshi. Kai dai kada ka kai hannu jikin mai saka kayan. Ka faɗi abin da ka gani, mai ɗinkin ko mai kwalliya ta gyara. Kuma ka riƙa magana. Na lura duk lokacin da na yi shiru ina duban allo ina tsuke fuska, sai yarinyar ta ɗauka ita ce ta yi kuskure, kafaɗunta su ƙage, alhali ni da saitin kyamarata nake faɗa.

Abin da ya fi komai sauya mini aiki shi ne jona kyamara da kwamfuta da kebul, hoto yana fita Hajiya tana gani a babban allo. A riga ta biyu ta ce, "Tsaya, kwalar ta karkace." Ni ban gani ba, da kuma na ɗauki hoto sittin a haka. In ba ka da kebul ɗin, ka tsaya bayan hoto biyar na farkon kowace riga ka nuna mata, ka zuƙo wurin aikin.

Da ka koma gida ka kwafe hotunan wuri biyu, kada ka goge memori sai ka miƙa aiki. A gyara ka cire ƙura da zare da ƙurjin da ya fito ranar, amma kada ka rage ƙugu, kada ka miƙar da ɗinkin da ya karkace ba tare da ka tambaya ba, domin mai saye zai karɓi rigar gaske ne. Ka fitar da hotunan intanet a tsarin launi na sRGB, in ba haka ba su koɗe a wayoyin mutane. In ta WhatsApp za ka tura, ka tura su a matsayin fayil, domin hanyar da aka saba tana matse hoto ta cinye ƙananan ɗinki.

A karo na biyu ban tura komai ba sai da na roƙi Hajiya ta ba ni guntun yadin jar rigar. Na ajiye shi kusa da allon kwamfuta da rana, a gefen taga, fitila a kashe, na yi ta matsa launin kaɗan-kaɗan har suka yi kusa. Da na kai mata, ta ɗauko rigar daga marataya ta kara a jikin allon, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta zuƙo hannun rigar har zaren ya cika allo. Sannan ta ce akwai wasu kala shida da za su fito wata mai zuwa, in zo in gan su ranar Laraba.