Darasi Na Tara: Idan Tasha Tana Zamewa A Tsohon Rediyo

A gidaje da dama na Tawa da ƙauyukan Adar har yanzu ana amfani da tsohon rediyo mai allura, irin wanda iyayenmu suka riƙa kamo shirye-shiryen Hausa da shi a gajeren zango tun bayan da BBC ta buɗe sashenta na Hausa a 1957. Cutar da ta fi addabar irin wannan rediyo idan ya kwana biyu ita ce zamewar tasha: ka kamo labarai tsaf, kafin a kai rabi murya ta koma shu-shu, sai ka sake murɗawa.

Da farko ka tabbata laifin na rediyon ne. Idan murya tana dusashewa ta kuma dawo da kanta ba tare da ka taɓa komai ba, wannan daga sararin samaniya ne, inda saƙon gajeren zango yake karo ya dawo ƙasa, kuma babu mai gyaran da zai iya masa. Abin yi shi ne ka nemi tashar a mita 19 ko 16 da rana, a mita 49 ko 41 da dare. Amma idan ba ta dawowa sai ka matsa allura, to rediyon ne ya kauce.

Ga dalilin. A cikin rediyo akwai wani sashe da yake kaɗa nasa zangon, ya haɗa shi da na tashar da ake nema, kuma kwayil (naɗaɗɗiyar waya) da kwandansa (ɗan sashen da ke tara wuta) ne suke tsayar da shi wuri ɗaya. Tashoshin gajeren zango suna maƙwabtaka da tazarar kilohaz 5 kacal (kilohaz shi ne ma'aunin zango). A mita 19, wajen kilohaz 15,000, in wannan sashe ya kauce da kashi ɗaya cikin 3,000, ya riga ya faɗa kan tashar maƙwabciya. Shi ya sa rediyo yakan zauna lafiya a matsakaicin zango amma ya yi ta yawo a gajeren zango.

Ka fara da batir, domin shi ne mafi yawan masu laifi, kuma shi ne mafi arha. Alamarsa ita ce tasha takan karkace idan ka ƙara murya, ta daidaita idan ka rage. Kowane batir sabo yana ba da bolt 1.5, huɗu su ba da 6. Ka canza su gaba ɗaya, kada ka gauraya sabo da tsoho, ka kuma kankare tsatsar da ke kan ƙarafan mazauninsu. Shanya batir a rana, da mutanenmu suka saba, ƙarfinsa ba ya jimawa. Kada kuma ka jona rediyo mai bolt 6 kai tsaye da batirin sola mai bolt 12, domin ƙonewa zai yi.

Sai zafi. Idan tashar tana tafiya sannu a hankali ta gefe ɗaya, ta kuma tsaya bayan kamar minti 15, sassan ciki ne suke ɗumama, don haka ka kunna rediyo kafin lokacin labarai. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa yake haura digiri 40, ka ajiye shi a inuwa, nesa da rufin kwano.

Idan kuwa tsalle tashar take yi tare da ƙaras-ƙaras, ƙurar hunturu ce ta shiga maɓallin sauya zango. Ka cire batir, ka ɗiga ɗan alkol na kantin magani, ka motsa maɓallin gaba da baya sau da yawa, ka bari ya bushe. Man keke ko man gyaɗa ƙara tara ƙura suke yi. Idan kana murɗawa allura tana nawa, ko ta ɗan koma baya bayan ka saki, zaren da ke janta ne ya saki jiki.

Akwai abin da nake roƙon kowane ɗalibi ya kiyaye. Idan ka buɗe baya, za ka ga ƙananan gwangwanaye masu kusoshi launi-launi a kansu. Waɗannan ba su kwance ba, da na'ura aka saita su a masana'anta, kuma wanda ya ɗaure su da sukurdireba ya mayar da ƙaramin gyara babba. Rediyon da ke aiki da wutar gida mai bolt 220 kuwa, kada ka buɗe shi sam, domin kwandansarsa tana iya riƙe wuta ko bayan an zare waya.

In duk ka bi waɗannan ba a dace ba, musamman idan tasha tana gudu da zarar an ƙwanƙwasa jikin rediyon, mai yiwuwa dalma ce ta tsage ko kwandansa ta bushe, wannan kuma aikin mai gyara ne. Kafin ka je kasuwa, ka rubuta a littafinka mitar da abin ya fi tsanani, da lokacin da yake faruwa, da abin da ka riga ka gwada, sa'an nan ka ce masa: "Malam, tasha tana zamewa a mita 19 idan an taɓa rediyon, na canza batir, na share maɓalli, ban kuwa taɓa kusoshin ciki ba."