Yadda za ka gane haɗuwar PTH da riseftansa ba tare da hadda ba

In kana karatun likitanci ko bayokemistiri, wannan wajen, wato yadda PTH (hormon da ke daidaita kalsiyam a jini) ke haɗuwa da riseftansa (furotin da ke karɓar saƙonsa a jikin ƙwaya), yana rikita mutane sosai, kuma yawanci hadda ce ke jawo haka. Ɗauko biro da takarda ka zana abin da hannunka, wallahi ya fi zama a kai.

Fara da riseftan, wato PTH1R, wanda ke jikin ƙwayoyin ƙashi da na ƙoda. Ja layi biyu a kwance su zama bangon ƙwayar, sai ka zana zare ya ratsa bangon sau 7, ka yi masa ƙaton kai ta waje. Kar ka tsuke kan nan fa, shi ke fara cafke hormon ɗin.

Sai shi PTH. Amino asid 84 gare shi, amma 34 na farko kaɗai sun isa su yi aikin, don haka su za ka zana, ka raba su gida biyu: 1 zuwa 14, da 15 zuwa 34. To nan ne wajen da nake so ka tsaya sosai. Ɓangaren 15 zuwa 34 ne ke fara maƙalewa a ƙaton kan nan na waje, shi nasa riƙo ne kawai, ba ya kunna komai, sai bayan ya riƙe ne ɓangaren 1 zuwa 14 ke samun damar nutsawa cikin ramin da ke tsakiyar zaren nan bakwai ya ɗan buɗa su, daga ciki kuma furotin Gs (nau'in furotin G mai miƙa saƙo cikin ƙwaya) ya zo ya kama, cAMP, sinadarin da ke yaɗa saƙon a ciki, ya fara hauhawa. Kamar ka riƙe kwaɗon ƙofa da hannu ɗaya ne, ka murɗa makulli da ɗayan.

Gwada kanka: goge amino asid 6 na farko a zanen. Abin da ya rage, PTH 7-34, zai riƙe riseftan amma ba zai kunna shi ba, sai ma ya tare wa na gaskiyar hanya. In ka gane dalili, to ka gane rabin darasin.

Yanzu zana PTHrP, wani furotin ɗan'uwan PTH, a gefe. An gano shi a 1987 wajen masu ciwon daji da kalsiyam ɗin jininsu ya hau, kuma cikin amino asid 13 na farko guda 8 iri ɗaya ne da na PTH, shi ya sa risefta ɗaya suke shiga. Bambancin yana wajen daɗewa. PTH yana riƙe riseftan gam ko da furotin G ya saki, har a janye su tare cikin ƙwayar yana ci gaba da aika saƙo, shi kuwa PTHrP ya fi son riseftan da G ke maƙale da shi, ya kunna, ya sauka da wuri. Rubuta R0 (yanayin riseftan da babu G a jikinsa) a wajen PTH, RG (yanayin da G ke maƙale da shi) a wajen PTHrP.

Wannan ba maganar jarrabawa kawai ba ce, magungunan raunin ƙashi a kanta suka tsaya. Teriparatide shi ne PTH 1-34, Amurka ta amince da shi a 2002, abaloparatide kuma daga PTHrP aka ƙera shi, ya samu amincewa a 2017. Saƙon da ke zuwa yana yankewa ya fi gina ƙashi, wanda ya zarce babu hutu kuma zaizaye shi yake yi, shi ya sa allurar sau ɗaya ake yinta a rana.