Yadda ake gwada sabon furogiram a injin CNC ba tare da an karya wuƙa ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki da injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, mai sassaƙa ƙarfe a wata masana'anta da ke Sharaɗa a Kano. Yawancin aikinmu gyaran mol (mazubin roba) ne na kamfanonin roba, sai kuma kayan gyaran injunan da aka nema a kasuwa aka rasa. A tsawon shekarun nan, kusan duk ɓarnar da na gani da idona a minti biyar na farkon sabon furogiram ta faru. Saboda haka a kan minti biyar ɗin nan zan yi magana, musamman ga ƙannenmu da maigida ya fara sakar musu inji.

Bari na fara da abin da ya faru da ni. A shekarata ta biyu na rubuta furogiram da hannu, na kira wuƙa ta huɗu da T4, amma a layin G43, inda ake gaya wa inji tsawon wuƙa, na bar H3, lambar tsawon wuƙa ta uku, da na kwafo daga sama. Wuƙa ta huɗu ta fi ta uku tsawo da milimita 38. Inji ba ya da ido, lambar da ka ba shi ita ce gaskiyarsa. Ya ɗauka gajeriyar wuƙa ce a bakinsa, ya sauko da cikakken gudu ya daki bais, wato maɗaurin da ke riƙe aikin. Wuƙar kabaid (sinadari mai tsananin tauri) ta tarwatse, mariƙinta ya lanƙwashe, muka yi sati uku muna jiran wani daga Legas. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena, kuma ita ta koya mini tsarin da nake bi.

Da ka kunna inji da safe, ka mayar da shi gida, wato mafarin awonsa, ka fara da Z (hanyar sama da ƙasa) don wuƙa ta ɗaga sama kafin tebur ya motsa. Duba iskar kwamfuresa, yawancin injuna suna son matsin iska na bar 6 zuwa 7, ka kuma zubar da ruwan da ya taru a tankin. Duba man da ke shafa hanyoyin tebur. Sannan ka bar sifindil, wato sandar da ke juya wuƙa, ya juya minti goma zuwa ashirin, daga ƙaramin gudu kana ƙarawa. Da hunturu ka riƙa leƙa matatar akwatin lantarki duk sati, ƙura tana toshe ta, zafi ya taru a ciki.

Kafin ka ɗaure ƙarfe, ka san wane iri ne. Mu nan sau da yawa mai aiki ne ke zuwa da ƙarfensa daga Ƙofar Ruwa, ko daga Panteka idan mutumin Kaduna ne, ya ce maka "ƙarfe ne mai kyau", shi ke nan bayanin. Ɗauki magagari ka goga a gefe. In ya ci cikin sauƙi, ƙarfe ne mai laushi. In ya zame yana ƙara kamar an goga a gilashi, an ƙona shi ya yi tauri, irin tsohon shaf na mota, kuma lissafin da zan kawo a ƙasa bai shafe shi ba.

Sai bais. Ɗora agogon awo a kan muƙamuƙin da ba ya motsi, ka bi shi daga wannan gefe zuwa wancan har bambancin ya sauko ƙasa da milimita 0.02. Share ƙarƙashin aikin tas, domin ɓarɓashi guda ɗaya ya isa ya karkatar da shi. In ka ɗaure, ka bubbuga da gudumar roba har sandunan da ya hau su daina motsi. Wajen nemo sifilin X da Y da manemin gefe mai kaurin milimita 10, kada ka manta da rabinsa: inda ya goce, tsakiyar sifindil tana nesa da gefen aikin da milimita 5. Ka tabbata a G54, inda ake ajiye sifilin aiki, ka zuba lambobin, in dai G54 furogiram ɗin ke kira.

Lissafin gudu ba wuya gare shi. Don samun juyin sifindil a minti, ka ninka gudun yanka sau 1000, ka raba da kaurin wuƙa sau 3.14. Misali wuƙar kabaid mai milimita 10 da haƙora huɗu a kan ƙarfe mai laushi: in ka ɗauki mita 100 a minti, za ka samu juyi kusan 3180. Ka ba kowane haƙori 0.05 ya ci, wato 3180 sau 4 sau 0.05, ciyarwa, wato saurin tafiyar wuƙa cikin ƙarfe, ta zama kusan milimita 640 a minti. In wuƙar HSS ce, wato ta ƙarfen yanka wadda ba ta kai kabaid jure zafi ba, gudun yanka ya sauko zuwa mita 25 ko 30. Ramin zaren M10 diril 8.5 yake so, wanda a mita 25 zai juya kusan 940. Shi kuma tap, mai yanka zare a cikin rami, ciyarwarsa juyi ne sau tazarar zare: juyi 400 sau 1.5, ya ba ka 600 daidai, babu ƙari babu ragi. Waɗannan wurin farawa ne kawai, abin da kamfanin wuƙar ya rubuta a kwalinta shi ne gaba.

Yanzu ka zauna ka karanta furogiram ɗin layi-layi, ko da kwamfuta ce ta fitar da shi. Ni da biro nake bi. A sama ina son ganin G21 na milimita, G90 na awo daga sifilin aiki, da G40, G49, G80 masu goge abin da aikin baya ya bari. Duk inda na ga T, sai na bi ƙasa na tabbatar H (na tsawon wuƙa) da D (na kaurinta) lambarsu ɗaya da shi. Sannan ɗigo. A injuna da yawa masu kwamfutar kamfanin Fanuc, in ka rubuta Z50 babu ɗigo, inji zai karanta shi 0.050, wato wuƙa za ta sauko da gudu har dab da fuskar ƙarfe alhali kai kana zaton tana sama da shi da milimita 50. Ka saba wa hannunka da rubuta Z50. da ɗigonsa ko da injinka ba ya buƙata, domin wata rana za ka tsaya gaban na wani.

Ga inda na fi so ka natsu. Gudun farko a iska ake yin sa. Ka ƙara 50 a Z na ofset ɗin gama-gari, wato lambar da ke gusar da sifilin aiki gaba ɗaya, wanda Fanuc ke rubutawa EXT, don komai ya ɗaga sama da milimita 50. Kalli alamar sau biyu, ƙari ne ba ragi ba. Bar furogiram ya zagaya, ka ga ko siffar da wuƙa ke zanawa ta yi kama da zanen da ke hannunka, ka ga ko za ta bi ta kan maɗauri ko bolti. In ka gamsu, mayar da lambar sifili.

Sannan gudu na gaske. Kunna SINGLE BLOCK don inji ya riƙa tsayawa bayan kowane layi. Sauke gudun tsalle, wato gudun da wuƙa ke yi idan ba yanka take ba, zuwa kashi 25, ko ƙasa da haka in injin ya yarda. Buɗe shafin da ke nuna sauran tafiyar da ta rage, wato DISTANCE TO GO. Babban yatsanka ya zauna a kan FEED HOLD, maɓallin tsayar da tafiya, kada ya sauka. Idan wuƙa ta sauko ta tsaya a layin G43 da Z50., tsayar da sifindil, buɗe ƙofa, ka sa ruwla ko guntun ƙarfe mai tsawon 50 tsakanin bakin wuƙa da fuskar aiki. In ya yi daidai, tsawon wuƙar da sifilin Z duka lafiya suke. Da na yi wannan a ranar da na ba ku labari, da na ga tazarar milimita 12 maimakon 50, da ba a yi asara ba. Kowace wuƙa sai an yi mata haka, ko guda goma ne. Bayan nan, duk saukowa ka tsaya a tsakiya ka kwatanta: allo ya ce saura 20, idonka kuma ya ga saura 5, to kada ka danna komai sai ka gano dalili. Maigida zai iya cewa kana ɓata lokaci. Ka yi masa bayani cikin ladabi, ka ci gaba da abinka, sannu ba ta hana zuwa.

Da wuƙa ta shiga ƙarfe, kunnenka ne ma'auni. Yanka mai kyau ƙararsa ɗaya ce, ba hawa ba sauka. In ka ji tana kuka da karkarwa, fara duba yadda ta zaro daga mariƙi. In zai yiwu kada ta wuce kaurinta sau uku. Kuskuren da yara suka fi yi shi ne rage ciyarwa saboda tsoro. In haƙori bai samu abin ci ba sai ya koma guga, ya yi zafi, ya dakushe da wuri. Dubi ɓarɓashi ma. Idan na ƙarfe ya fito ruwan ƙasa ko shuɗi da wuƙar kabaid, zafi ne yake fita tare da shi, babu laifi. In HSS ce ta ba ka shuɗi, ta kusa ƙonewa. Alminiyam kuwa manne wa wuƙa yake yi, ka ba shi mai haƙora biyu ko uku da ruwan sanyaya isasshe.

A aiki na farko ina barin rarar 0.2 ta hanyar ofset ɗin wuƙa, na auna da maikiromita tun yana ɗaure a bais, sannan na gyara na sake bi. In ka kwance shi kafin ka auna, da wuya ya koma daidai inda yake. Ka san ko injinka kaurin wuƙa yake karantawa a D ko rabinsa, domin faɗin da aka yanka ta gefe biyu, in ya haura da 0.2, rabin kauri 0.1 kawai za ka rage. Kuma ka bar aikin ya huce. Ƙarfe mai tsawon milimita 200 in ya ƙara zafi da digiri 10 yana miƙewa kusan 0.024, alminiyam kusan ninki biyu. A watan Afrilu a Kano wannan kaɗai ya isa a dawo maka da aiki.

Saura maganar ɗauke wuta, wadda dole za ta same ka a tsakiyar yanka. In an tada janareto, kada ka ci gaba daga layin da inji ya tsaya. Ɗaga Z a hankali da dabaran hannu har wuƙa ta fita, mayar da inji gida, duba bakin wuƙar ko ya ɓalle, ka tabbata lambar da allo ke nunawa ita ce wuƙar da ke sifindil. Sai ka koma layin da aka kira wuƙar da M06 ka taso daga nan, da SINGLE BLOCK a kunne, domin a nan ne G54, G43 da juyin sifindil za su sake shiga. Idan kuma tap ne a cikin rami wuta ta tafi, kada ka ja shi sama. Sassauta mariƙin ya saki tap ɗin, ɗaga sifindil, sannan ka warware shi da hannu, ka busa ramin kafin ka sake shiga.